Neman Sanyi ga Ɗakin Inna

Tun da na dawo, mutanen fadarmu ta hira ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kowa ya zauna sai ya tambayi abin da ya sa mai sayar da kwanon rufi ya bar shagonsa a tsakiyar bazara, lokacin da jama'a ke gaggawar rufe gini kafin ruwa ya sauka, aka kuma gan shi bayan mako guda yana ratsa Konni a kan amalanken jaki cike da karan gero. Wasu sun ce aure na je nema a Adar, wasu sun ce 'yan duwan, wato kwastan, ne suka riƙe ni. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wanda ya ji farkonsa bai ji ƙarshensa ba. To ga shi na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Dole in fara da Inna, don ita ce dalilin tafiyar. Ni ɗan fari ne, kuma wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Alela ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda na zauna, in na gaishe ta kuwa bango take kallo ta amsa. Kakata ce ta goye ni ta yaye ni. In Inna tana da magana da ni, ƙanwata Rabi ce ke ɗauko maganar daga wancan gefen tsakar gida ta kawo mini wannan gefen, ko da na riga na ji ta da kunnena. Sunana a bakin Inna shi ne "wancan".

Shekara uku da suka wuce kasuwa ta yi mini kyau, sai na rushe tsohon soronta na ƙasa wanda gara ta cinye azararsa, na gina mata ɗakin bulo na siminti, na rufe shi da kwano mafi kauri da ke shagona. Har dogon yaron da ke ƙofar soron na sa aka sare don ɗakin ya samu fili. Ranar da aka gama, tun daga bakin gari kake hango shi yana walƙiya. Mata suka yi ta zuwa kallo suna sa mini albarka, na koma Konni ina jin kaina wani abu.

Bana, da zafi ya kai inda ya kai, Rabi ta bugo mini waya ta ce Inna ta faɗi. Na iske ta a likita an rataya mata ruwa. Majon wurin, wato babban ma'aikacin jinya, wani dogon Bazabarme mai Hausa a karye, ya ja ni gefe ya tambaye ni inda tsohuwar ke wuni. Ya ce jininta ya hau, jikinta ya bushe, ƙodarta ta fara gajiya, kuma zafi ne tushen abin. Ya ce zai riƙe ta kamar mako guda, amma in ta koma tana wuni inda take wuni, shi ba zai yi mini alkawarin za ta ga saukar ruwan bana ba.

A ƙofar likitar Rabi ta gaya mini abin da kowa ya sani ban da ni. Daga hantsi har la'asar Inna a cikin ɗakin nan take. Sun roƙe ta ta riƙa zuwa zauren maƙwabta, ta ƙi. Ta ce in aka gan ta kwance a inuwar wani, gari zai ce ɗakin da wancan ya gina ba ya zaunuwa. Na ce to a kawo ta Konni wurina, Rabi ta ce wannan ma an gwada, amsar ɗaya ce. Da azahar na je gida na shiga ɗakin ni kaɗai, na tura ƙofa. Kwanon yana ƙas-ƙas a sama kamar ana taka shi, iskar ciki kuwa ta ƙi shiga hanci. Ban kai ga ƙarasa addu'a ɗaya ba na fito jiri na ɗibata. Na tsufa ina sayar da wannan abu ban taɓa wuni a ƙarƙashinsa ba, don shagona rumfa ce a buɗe ta ko'ina. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro.

Sai na yanke shawarar in gina mata sabon ɗakin ƙasa a gefen wancan. Azara ta yi wuya yanzu, amma na taɓa jin akwai magina masu rufe ɗaki da tubali zalla, babu itace ko ɗaya. Aka ce mini akwai wani magini, Maso Nomau, a Malbaza da ya iya.

Washegari na shiga motar haya ƙirar hiyas a tashar Konni. Aka matse ni tsakanin wata mai tallan nono da wani soja da ke tafiya hutu, wanda tun kafin mu bar gari ya ɗora kansa a kafaɗata ya yi barci. Ban tashe shi ba, mutum da kaki ba a tashinsa haka kawai. Kwalta ta yi ta rawa a gabanmu, manyan motocin siminti suna ɓullowa daga nesa kamar ba sa taɓa ƙasa. Ni ma gyangyaɗi ya riƙa fizgata, in na lumshe ido in ga ɗakin Inna yana walƙiya, in na buɗe in ga kawalwalniya kwance a hanya. A shingen jandarma na bayan Tsarnawa, wanda ya karɓi katina ya gane ni, ashe ya taɓa sayen kwano a wurina. Ya tambayi inda na nufa, na ce neman maginin ƙasa. Ya dube ni ya ƙara dubawa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mai tol, wato mai kwano, da ya tuba. Da ya miƙo mini katin sai ya rage murya ya ce in na samo maganin in biyo ta nan, shi ma ruwa yake zuba wa katifarsa kafin ya kwanta.

Malbaza garin siminti ne, motoci jere suna jiran lodi, direbobi kwance a ƙarƙashinsu don nan ne kaɗai inuwa. Na ci wake da shinkafa wurin wata mata da ta zuba yaji kamar na yi mata laifi. Da ƙyar na gano gidan Maso Nomau, matarsa ta ce yana Dogarawa wurin aiki, sai gobe in bi shi. Na sauka gidan wani abokin cinikina. Gida ne na haya mai ɗakuna takwas, duk bulo da kwano, kuma tun magariba kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida, malamin lakwal, wato makarantar boko, da direba da ma'aikacin buron gwamnati, kowa da matashinsa. Na tambayi mai masaukina to ɗakunan na mene ne, ya ce na ajiye kaya ne da karɓar baƙi lokacin sanyi.

A Dogarawa na iske Maso Nomau a kan wani gini yana buga kwano, kuma da na duba tambarin, irin wanda nake sarowa ne. Mutum ne siriri mai yawan dariya. Ya sauko ya saurare ni, ya ce shekara da shekaru ba wanda ya nemi ginin ƙasa a wurinsa, mutane na ganin na talaka ne, har hannunsa ya manta. Da rana ta take ya ja ni bayan gari wurin da manoma ke ajiye albasa. Rudu suke kiran ma'ajin, wata bukka ce a kan ƙafafu, an yi mata hular ciyawa mai kauri, iska na bi ta ƙasa tana fita ta sama. Muka kwanta a inuwarsa. Na sa hannu cikin rudun na ji sanyi. Mai albasar ya ce shi ko kyauta aka ba shi ɗakin kwano ba zai zuba albasarsa ciki ba.

Nomau ya juyo ya dube ni ya ce, "Albasa in ta ji zahi ruɓewa taka yi, kowa shi gani, shi ji wari. Mutum kau sai shi yi kurum."

Shi ma ya ga maganar ta same ni, sai ya canza zance, ya ce in tafi wurin wanda ya koya masa aiki, Baba Arzika, a wani ƙauye arewa da Illela. In yana da rai, shi ne zai iya.

Na koma Tsarnawa na hau wata buɗaɗɗiyar mota mai lodin albasa da za ta arewa. Kwana uku bayan nan rigata ba ta daina warin miya ba. Muka wuce Badagishiri muka karkata zuwa Illela, Illelar tamu ta Adar, ba ta tsallaken iyaka inda nake saro kwano ba. Abin kunya ne in faɗa, waccan na san kowane lungu nata da kowane mai canjin naira, wannan kuwa ban taɓa taka ta ba. A hanya na yi ta kallon rumbunansu na ƙasa, manya-manya masu ciki kamar tuluna, tsaye a bakin kowane ƙauye. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni a kan buhu ya ce gero na shekara biyu a ciki ba ya canza ɗanɗano. Ya tambayi sana'ata, na ce ɗan kasuwa ne, na tsaya a nan.

Sarkin tasha ya sauke ni a zaurensa. Gaisuwar mutanen nan ta fi tamu tsawo, sai an tambayi lafiyar gidanka da dabbobinka da gajiyar jiya da ta shekaranjiya kafin a ba ka ruwa, amma in aka kawo tuwo ba a tambayar ko ka ƙoshi, ƙarawa kawai ake yi. Tuwon gero ne da miyar kuka, da safe kuma shayi da cuku wanda sai ka jiƙa shi kafin haƙori ya iya da shi. Ina cikin fama da cukun Rabi ta kira. Ta ce Inna ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ajiye a gefen gado, kullum sai ta tambayi majo yaushe za ta koma ɗakinta. Majo ya ce kwana huɗu ne iyakar abin da zai iya riƙe ta.

Na ɗauki kabu-kabu. Mai babur ɗin ya rantse ya san ƙauyen kamar gidan ubansa, muka yi ta zagaye tsakanin duwatsu har ƙaya ta fasa taya. Ya tura babur ya koma, ya nuna mini wani tudu ya ce garin na bayansa. Na taka da ƙafa har takalmina ya tsinke. Allah ya haɗa ni da wani zangon Buzaye, tanti biyu da awaki. Maigidan bai tambaye ni komai ba sai da matarsa ta tsiyayo mini ruwa daga salka, ruwa mai sanyi da ɗan warin fata. Na zauna a tantinsu yana ɗinke mini takalmi. Na lura duk bayan ɗan lokaci matar na tashi ta ɗage tabarmar wani gefe ta sauke ta wani, tana bin rana da iska. Mu mun saba mu gina ɗaki mu ce ya zauna yadda yake har abada, su kuwa nasu sau nawa yake canza fuska a wuni ɗaya. Buzun ya raka ni har kan tudun, ya nuna mini garin da sandarsa.

Na isa da azahar, idona na ganin abu bibbiyu. Baba Arzika gajeren tsoho ne mai manyan hannuwa, kunnensa ɗaya ya mutu. Na fara gaisuwa da bayani, ya ɗaga hannu ya ce baƙon rana ba ya magana sai ya huce. Ya tura wata ƙaramar ƙofa ya ce in shiga.

Ban san yadda zan kwatanta muku ɗakin nan ba. Bangonsa ya kai kamu biyu a kauri. Rufin ya tashi ya lanƙwasa ya haɗe a sama, tubali na riƙe da tubali, babu azara babu ƙusa. Can sama akwai 'yan ƙananan tagogi, haske na saukowa ta cikinsu a hankali ya kwanta a ƙasa. Ƙamshin wurin irin na sabon tulu ne. Sanyin bai buge ni ba kamar na ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, shigata ya riƙa yi kaɗan-kaɗan ta tafin ƙafa. Ƙarar gari duk ta tsaya a waje. Na ce bari in ɗan kishingiɗa a tabarma kafin tsohon ya shigo.

Sai na ga ni yaro ne, ina kwance a tsohon soron Inna, wanda na rushe. Zazzaɓi nake yi, kakata ta tafi rijiya, gidan babu kowa. Na ji an shigo a hankali. Na rufe ido na yi kamar ina barci. Aka zauna kusa da kaina, aka ɗauki faifai ana yi mini fifita, aka daɗe ana yi. Wani hannu mai sanyi ya sauka a goshina. Na san hannun wa ne, na kuma san in na buɗe ido za a tashi a fita, don haka na ƙi buɗewa. A waje ganyen dogon yaro na motsi. Har yau ban san ko mafarki ne ko wani abu ne da ya taɓa faruwa na manta ba. Abin da na sani, na farka bayan la'asar fuskata jiƙe, kuma ba gumi ba ne.

Na fito na iske Baba Arzika a tsakar gida, matarsa Gwaggo Dije na dama fura a gefe. Na kwashe labarin duka na gaya masa a kunnensa mai ji. Ya ce ɗaki irin wannan ba aikin kwana huɗu ba ne. Sai an kwaɓa ƙasa ta kwana, a buga tubali ya bushe, a ɗora a hankali, kuma ga damina a bakin ƙofa. In na shirya, bayan kaka zai turo mini wanda zai yi. Na yi doguwar tafiyar nan don a ce mini bayan kaka.

Gwaggo Dije ba ta ɗago daga ƙwaryarta ba ta ce, "Ɗan nan, ko yau anka gina shi, ba ta shiga cikinai."

Na ce, "Don mi, Gwaggo?"

"Ba kai ne ɗan hwari ba? In ta bar ɗakin tol ta koma na ƙasa, ta hwaɗa ma gari duka aikinka bai yi ba ke nan. Ta hi son ta mutu ciki. Ni ma ina da nawa wancan, shina Abija, na san abin da nika hwaɗi."

Sai ta nuna wani ɗaki a ƙarshen gidan da ludayi. Ɗakin kwano ne, ban ma lura da shi ba, don an shafe rufinsa da farar ƙasa. Ɗansu na Abija ne ya aiko aka gina mata, ita ma ta shiga ta ƙi fita. Baba Arzika ya ce da ya ga za ta kashe kanta a banza, sai ya yi wa ɗakin sutura. Ya kai ni ciki ya nuna mini. A ƙarƙashin kwanon ya bar fili kamar kamu ɗaya, sannan ya shimfiɗa karan gero ɗaure-ɗaure, an matse su da igiya, kaurinsu ya kai tsawon tafin hannu, ya rufe su ta ƙasa da asabari. A saman bango, tsakanin kwanon da karan, ya huda ƙofofi gabas da yamma ya toshe su da raga, don iskar da ta yi zafi ta samu hanyar fita. Bangon yamma kuwa ya kafa masa zana a ɗan nesa da shi, rana ta ƙare faɗanta a kan zanar. Bai kai ɗakin tubalin sanyi ba, ba zan yi ƙarya ba, amma mutum na zama ciki ya yi hira.

Tsohon ya ce zafin kwano saukowa yake kamar na murhu, abin da ake so kawai a sa wani abu tsakani. Ya ce amfanin bai tsaya a bazara ba. Da sanyi, ɗakin kwano na huda ƙashi, sai mutane su shigo da garwashi su rufe ƙofa, yara su kwana suna tari. Tun da ya yi wannan aiki ba a sake shigar da wuta ɗakin ba, itacen da suke ƙonawa ya ragu, tarin jikokinsa ya yi sauƙi. Ya nuna mini wasu gawo uku a bayan gida ya ce da azara ya yi rufi da yanzu babu su. A ganinsa ranar yanzu ta fi ta ƙuruciyarsa zafi, kuma ya ji a rediyo ana cewa hayaƙin da duniya ke tayarwa ne ya jawo. Ya ce shi bai yi lakwal ba, amma ya ga mutanen birni na gina tanda su shiga, sannan su tayar da injin mai shan fetur don ya hura musu iska. Gargaɗinsa biyu ne, kada a kunna wuta a ƙarƙashin karan, kuma a riƙa duba shi saboda gara.

Na ce to ko wannan ɗin, yaya zan yi Inna ta yarda a taɓa ɗakin, tunda taɓa shi ma cewa ne yana da aibi. Gwaggo Dije ta miƙo mini furar, ta dube ni kamar wanda bai da wayo.

"Kak ka ce gyara za ka yi. Ka ce ɗakin ba a ƙare shi ba tun hwarko, yanzu ka samu hali ka zo ka ƙarasa."

Na kwana a garin, na wuni ina koyon ɗaurin kara. Baba Arzika ya kwance nawa sau biyar, yana cewa hannun da ya saba ƙirga kwano ba ya jin igiya. Karan ya yayyanka mini yatsu. Da zan tafi Gwaggo Dije ta ƙulla mini ƙullun fura a leda, ta ce in gaishe da 'yar'uwarta da ba ta sani ba.

Samun kara a ƙarshen bazara ba wasa ba ne, don shi ne abincin dabbobi. Sai da na bi ƙauyuka uku a wajen Konni kafin wani manomi ya tausaya mini. Amalankensa ne kuka gan ni a kai ina nufin tashar Alela, kuna ta ɗaga mini hannu ina yi kamar ban gan ku ba. Na ɗauki farar ƙasa da asabari da raga a kasuwa, na kira Rabi na gaya mata abin da za ta faɗa. Da yamma ta sake kirana tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta gaya wa Inna wancan ya ce shekara uku yana jin kunyar ɗakin da ya bari bai ƙarasa ba. Inna ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Ai na lura. Ban so in hwaɗi ba."

Wuni ɗaya da rabi muka yi, ni da maginin ƙauyenmu da 'yan'uwana biyu. Ni na hau sama na shafa farar ƙasa a kan kwanon da nake alfahari da walƙiyarsa. Masu wucewa na tambaya, muna cewa ƙarasawa ake yi, suna cewa madalla, ashe da saura. Na dasa ɗan dogon yaro a inda na sare wancan, na kewaye shi da ƙaya, ko da yake na san inuwarsa ba ta bana ba ce.

Aka kawo Inna da hantsi a amalanke. Ta rame, Rabi na riƙe da hannunta. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon zana. Mata suka shiga tare da ita suna taɓa asabarin suna cewa kamar ɗakin amarya, suka gama suka watse. Rabi ta shiga madafa. Ni kuwa na zagaya na zauna tsakanin zanar da bangon yamma, inda zan ji motsin ciki ba a gan ni ba.

Rana ta take. Na ji ta yi tari sau ɗaya, na ji gadon ya yi ƙara, daga nan ban sake jin komai ba. Ladan ya kira azahar. Inna mace ce da ko a gadon likita ba a riga ta neman buta ba, amma na kasa kunne ban ji ƙarar buta ba. Aka tayar da salla aka sallame, shiru. Na tuna maganar majo. Na kira Rabi da hannu, ta leƙa, ta daɗe ba ta fito ba. Ban san lokacin da na iso bakin ƙofar ba.

Rabi ta ɗora yatsa a leɓe. Inna na kwance a gefenta na dama, hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu, ƙirjinta na hawa yana sauka a hankali. Babu gumi a goshinta. Rabi ta raɗa mini cewa rabon da ta ga Inna ta yi barcin rana tun kafin azumi. Na tsaya a nan ina kallon fuskar mahaifiyata, na ga ashe tana da ɗan tabo a gefen gira, na ga ashe hancina nata ne. Na yi salla a ƙofar ɗakin na koma bayan zana.

Sai dab da la'asar na ji gadon ya motsa. Na ji ta tambayi Rabi ko an yi kira, Rabi ta ce tun ɗazu. Aka yi salati, aka jawo buta da sauri. Da ta idar sai ta ɗaga murya, yadda ta san za ta ratsa bango.

"Rabi, ki hwaɗa ma wancan, ɗakin nan nashi ya sa na makara salla. Abin da ban taɓa yi ba."

Rabi ta ce za ta faɗa.

"Ki damo min hura, yunwa nika ji. Gobe kuma in na kwanta, a samu mai tashe ni."

Rabi ta zagayo bayan zana don ta kawo mini saƙon kamar yadda ta saba. Ta same ni na kifa kai a gwiwa, sai ta juya ta tafi neman ƙwarya.